Siton da Baba Yake Kwana

A takardar da jami'in duba madatsun ruwa yake cikewa duk shekara, akwai wata tambaya a shafi na biyu: shin akwai mai zama a ƙasan madatsar? Shekara uku a jere Yaya yana amsawa da "babu". Ni kuwa a shekara ukun nan, safe da rana da yamma, ina sauka matakala arba'in da ɗaya da kwanon abinci a hannu, ina kai wa wannan babun. Baba muke ce masa. Shi ya haifi Yaya, shi ya haifi mijina, kuma shi ya tare ruwan da suke ci da shi har kowannensu ya ajiye tumbi.

Madatsar ba wata babba ba ce. Tudun ƙasa ne da Baba ya danƙara a bakin kwari tun yana da ƙarfinsa, yana tare ruwan damina saboda noman rani, tumatir da albasa da barkono. Gidanmu yana kan tudu ta gefe. Can a gindin madatsar akwai ɗaki ɗaya na bulo da aka gina wa injin ban ruwa. Da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, faccalata, matar Yaya, ta fara toshe hanci da gefen mayafi duk sanda za ta wuce ƙofarsa. Ba a rufa wata biyu ba Yaya ya gano cewa babu abin da tsoho yake buƙata irin iska mai kyau da zama kusa da ruwansa. Aka matsar da inji gefe, aka saka gado. Ɗakinsa na cikin gida kuwa aka buga masa fenti, aka rataya labule, ya koma falon baƙi.

Mijina bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. A raina Bari-mu-gani nake kiransa, don tun da na zo gidan ban taɓa kai masa magana ya ba ni wata amsa da ta wuce wannan ba. Ko gobara ka ce masa ta tashi, sai ya gyara zama ya ce bari mu gani.

Ciwon ya karkatar wa Baba da baki, maganarsa sai wanda ya saba yake ganewa, amma kansa garau yake. Taku goma daga ƙofarsa akwai inda ruwa yake tsattsafowa daga jikin madatsar. Ranar da na fara gani na tsorata, sai ya yi 'yar dariyarsa ta gefe ɗaya ya ce kowace madatsar ƙasa tana gumi, ba gumin ne abin tsoro ba. Ya sa na wanke kwalbar lemo, na ɗebo ruwan, na ajiye a taga. Ya ce mu bar ta har yamma. Idan ruwan ya tsaya fes, to madatsa lafiyarta ƙalau. Idan kuwa laka ta kwanta a gindin kwalba, ruwa ne yake cin cikinta yana fitowa da shi kaɗan-kaɗan. Tun daga ranar ya zama aikinmu. In kawo karin kumallo in cika kwalba, in kawo na yamma in ɗaga masa ita a hasken taga, ya ƙura mata idonsa mai lafiya, ya gyaɗa kai, sannan ya ci abinci.

Shekara biyu kwalbar tana fes. A ta uku Yaya ya ƙara sabuwar gona, ya ga ruwan ba zai ishe shi ba. A gefen madatsar akwai magudanar da Baba ya bari da gangan, don in ruwa ya cika rarar ta wuce ta can. Yaya ya dubi wannan hanya ya ga ɓarna ce, ruwan Allah yana tafiya a banza. Ya sa aka jera buhunan yashi layi uku aka toshe ta. Da Baba ya ji, ya roƙi wani lebura ya murɗa babban famfon da ake sakin ruwa da shi don a rage. Washegari Yaya ya kori leburan, ya naɗe famfon da sarƙa, ya buga kwado, ya rataya makullin tare da na motarsa.

Ruwa ya hau har inda bai taɓa hawa ba. Yaya kan tsaya a saman madatsar da hantsi, hannu a ƙugu, yana kallonsa kamar shi ya yi ruwan saman. A ƙasa kuwa daɓen ɗakin Baba ya fara jiƙewa. Na ɗora ƙafafun gadon a kan bulo. Bango ya yi baƙi daga ƙasa, tufafinsa suna warin danshi ko na shanya su yini guda, kwaɗi suka mai da ƙarƙashin gadon gidansu. Tari ya kama shi, irin wanda yake girgiza ɓarin da ya shanye ma. Bayansa ya fara salewa saboda kwanciya a kan katifa mai sanyi. Ina goge masa, yana kau da kai don kunya, ni ma ina kau da nawa.

Wata ranar Talata na ɗaga kwalba, sai ga wani ɗan abu a gindinta kamar an barbaɗa toka. Na ce ko ban wanke ta da kyau ba ne. Ranar nan Baba bai ci abinci ba. Bayan mako guda lakar ta kai kaurin farce.

Na ɗauki kwalbar na kai wa Yaya. Yana zaune a falo yana latsa waya, ya karɓa, ya girgiza ta, ya ce to ga shi ai ruwan gona ne, wa ya taɓa ganin ruwan gona babu laka? Ya ce madatsar nan ta shekara talatin ko gezau ba ta yi ba, sai yanzu da tsoho ya rasa aikin yi za a mai da gidansa ɗakin gwaji. Ya ƙara da cewa yana jin tausayin Baba ƙwarai, tsufa ba ƙarya ba ne, mutum kan koma yaro. Yana faɗin haka har da girgiza kai, kai ka rantse abin yana cin ransa.

Na ce to a dawo da shi cikin gida kafin damina ta wuce. Faccalata ta amsa daga ƙofa, ta ce ina za a sa shi, a kan sabon kafet? Ta ce ita ba ƙyamarsa take yi ba, Allah ya sani, likita ne ya ce hancinta ba ya son wari. Na ce a ba shi ɗakina, ni da yara mu koma kicin. Yaya ya ce idan aka yi haka mutane za su ce ya kasa riƙe ubansa sai matar ƙaninsa, shi kuwa ba zai yarda a ci mutuncin Baba da irin wannan magana ba. Ka ji mai kare mutunci. Da na juya wajen mijina, kun san abin da ya ce. Akwai ƙanwarsu da take aure a birni, na kira ta a waya, ta yi kuka sosai, ta ce a gaishe da Baba, ta ce Yaya ne babba, mu yi haƙuri.

Damina ta kusa ƙarewa aka bugo waya daga ofishin masu duba madatsu, aka ce jami'i zai zo ranar Alhamis. Haka suke yi, sai sun ba ka kwana uku ka gyara ƙaryarka tukuna su zo su duba. Na san dalilin wannan "babu" ta Yaya, Baba ya taɓa yi mini bayani. Idan aka rubuta cewa akwai mutum a ƙasa, madatsar ta shiga wani aji daban: sai an rage ruwa, sai an faɗaɗa magudana, sai an riƙa zuwa dubawa duk wata uku. Idan kuwa babu kowa, to ko ta fashe albasa kawai za ta ci, a sa hannu a tafi.

Gidan ya tashi tsaye. Makulli ya fito daga aljihu, aka saki ruwa kwana biyu. Aka kwashe buhunan yashi aka ɓoye a bayan garejin mota. Inda ruwa yake tsattsafowa aka jibge tulin ciyawar dabbobi, har ya yi kyau. Da safiyar Alhamis Yaya da mijina suka sauka da kujerar roba, suka ɗora Baba, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, suka hau da shi. Na duba agogo ba don komai ba, ko minti goma ba su cika ba. Ku riƙe wannan, don ni ban manta ba.

Aka yi masa wanka da ruwan zafi, aka sa masa farar riga, faccalata da kanta ta fesa masa turare, hancin nata ya warke. Aka zaunar da shi a falo, wato ɗakinsa na da. Can ƙasa kuwa aka jera buhunan taki a kan gadonsa, aka fitar da butarsa da kwanonsa, Yaya ya ɗauki jan fenti ya rubuta SITO a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe, yadda ko makaho zai karanta daga sama. Kwalaben da ke taga ya tattara ya watsa cikin ciyawa. Guda ɗaya ta tsira, ta ranar Laraba, don Baba ya riga ya ce in ɓoye ta a zanina.

"Ki ba shi a hannunsa, 'yata," in ji shi. "In ya yi karatun, zai gane."

Jami'in ya zo da hantsi, mutum mai fara'a, takalminsa yana ƙyalli. Ya taka saman madatsar daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗauki hoto, ya leƙa magudana ya same ta a buɗe tas, ya yaba. Ya tsaya a bakin matakala ya hango ɗakin, ya karanta rubutun ƙofa, ya dubi taɓon da ke ƙasa, ya dubi takalminsa. Takalmin ya ci nasara. Yaya ya ce abinci yana hucewa.

A falo jami'in ya durƙusa ya gaishe da Baba da ladabi, ya ce an gaya masa shi ya gina wannan madatsa, aiki ya yi kyau. Baba ya kama hannun rigarsa da hannun da yake motsi. Ya tattara duk ƙarfinsa ya ce laka, laka, ya nuna ƙasa. Yaya ya yi dariya mai taushi, ya ce Baba yana tuna zamanin da suke ɗaukar laka a ka suna ginin, kullum labarinsa ke nan. Jami'in ya ce Allah sarki, mutanen da akwai ƙwazo. Baba ya saki rigar ya juyo da idonsa kaina.

Na shigo da tire, kofuna da ruwan sanyi, na ajiye kwalbar a tsakiyarsu. Lakar ta kai kaurin yatsa, a kwance a gindi, ko yaro zai gani. Ban miƙa masa a hannu ba kamar yadda Baba ya ce. Na ajiye ne na ja baya, ina fatan idonsa ya yi mini aikin da bakina ya kasa. Idon faccalata ya riga nasa.

"Wa ya haɗo wa baƙo da ruwan wanke-wanke? Ki yi hankali mana, ƙanwata."

Ta ɗauke ta tana murmushi, ta tuttular ta taga. Jami'in ya ce ba komai, aikin gida da yawa. Ya buɗe shafi na biyu ya karanta tambayar da murya irin ta wanda ya san amsa. Yaya ya ce babu, sito ne kawai da inji. Ina tsaye a bakin ƙofa da tire a hannu. Mijina ya ɗago ya dube ni, kallon da yake cewa ki tuna gidan wa muke zaune da 'ya'ya huɗu. Na tuna. Na yi shiru, biro ya yi tafiyarsa. Duk rainin da nake wa mutanen gidan nan, ban cire kaina daga ciki ba, kuma na wannan ranar nawa ya fi na kowa.

Ƙurar motar jami'in ba ta gama kwanciya ba aka fito da kujerar roba. Turaren bai bar jikin Baba ba aka mai da shi ƙasa. Buhunan takin ma rabi suka kwashe, suka ce sauran su zauna tunda ga wuri. Kafin rana ta faɗi buhunan yashi sun koma magudana, wannan karon layi huɗu, don a rama ruwan da aka yi asara. Sarƙa da kwado suka koma mazauninsu.

Na sauka da abincin yamma. Na so ya zage ni. Na so ya kau da kai, ko ya ture kwanon. Sai ya ce mini kawai gobe in nemo wata kwalba. Na fita waje na yi kuka a bayan tulin ciyawa, ruwa mai launin ƙasa yana bi ta kan yatsun ƙafata.

Yaya ya hana ajiye kwalba a taga, ya ce tana tayar wa Baba da hankali. Sai na koma ina ɗiba da safe, in nuna masa da yamma, in liƙa 'yar takarda in rubuta kwanan wata, in hau da ita in tura ƙarƙashin gadona. Ban san me zan yi da su ba. Na dai kasa zubarwa. Aka yi ruwa biyu masu ƙarfi a makon, madatsa ta cika har tana lasar baki. Laka ta tashi daga yatsa ɗaya zuwa biyu, zuwa uku. Baba ya daina kwanciya sosai, yana jingine yana kasa kunne. Ya rame har zoben azurfarsa ya faɗi cikin kwano. Na sake zuwa wajen Yaya sau biyu. Na farko ya ce ai masu ilimin abin sun zo sun duba sun sa hannu, ko na fi su sani ne? Na biyu ya ce wa mijina ya ja wa matarsa kunne.

Rana ta goma sha tara bayan zuwan jami'in, gari ya waye tas, rana tana haske, babu ko gajimare. Na sauka da karin kumallo na tarar tulin ciyawar ya zame gefe. Abin da yake tsattsafo ya zama ɓulɓula, kaurin damtsena, ja wur, yana tafe da ƙananan duwatsu. Na cika kwalba na shiga. Baba bai jira ta kwanta ba, kallo ɗaya ya yi mata.

"Sa mini takalmi," ya ce. "Ki kira su. Yau ce."

Takalmansa suna ƙarƙashin gado, sun yi fumfuna, rabon da ya sa su tun ranar da ya faɗi. Na goge su da gefen zani na sa masa, na sa masa hula, na zaunar da shi a bakin gado na tokare bayansa da buhun taki. Na gwada ɗaga shi. Baba dogon mutum ne, ko da ya rame ƙashinsa yana nan, muka kusa zubewa tare. Ya ce in bari, in je in kira 'ya'yansa, minti goma ne. Ya tura mini kwalbar ya ce in tafi da ita. Na ce yanzu zan dawo, Baba. Ya gyaɗa kai, ya ɗora hannunsa mai lafiya a gwiwa kamar mai jiran mota.

Ban san yadda na hau matakalar ba. A tsakar gida na tarar da mijina yana wanke babur. A falo kuwa Yaya yana da baƙi, dillalan tumatir su uku, sun zo ganin ruwan da zai yi noman rani da shi, yana ta nuna musu ta taga. Faccalata ta tare ƙofa da jikinta. Ta ce ba dai in shigo da tsohon nan gaban mutane ba a yadda yake, ko wanka ba a yi masa ba. Na koma kan mijina na nuna masa kwalbar, na ce madatsa za ta tafi, ya zo mu ɗauko Baba ni da shi. Ya dubi kwalbar, na ga tsoro a idonsa, wallahi na gani. Ya matse tsumma ya ce bari ya gaya wa Yaya. Ya shiga, ya durƙusa, ya yi raɗa. Yaya ya fito da murmushinsa bai goge ba, ya rage murya.

"Ƙanwata, ki bari su gama shan shayi. Rabin awa. Madatsar da ta shekara talatin ba za ta kasa jiran shayi ba."

Na jefar da maganar kowa, na jawo baron da ake kwasar taki, na nufi hanyar gona wadda take zagayawa har ƙofar ɗakin. Na yi rabin hanya. Ba ƙara na fara ji ba, gani na yi. Tsakiyar madatsar ta lotsa a hankali kamar an danna ƙullin fulawa, sai ta buɗe. Ruwan ya fito ja, ya fi ɗakin tsayi. Ƙofar mai jan rubutu ita na gani ƙarshe, sannan kwanon rufi ya juya sau ɗaya ya tafi. Ina tsaye riƙe da baro. Da na waiwaya, su Yaya suna bakin tudu, ɗaya daga cikin dillalan har yanzu da kofi a hannunsa.

Sai washegari aka same shi, can ƙarshen gonar albasa, tsakanin fasassun buhunan taki. Hular ta tafi. Takalman suna ƙafarsa, don na ɗaure su da kyau.

A kwana na uku jami'in ya dawo da wasu mutum biyu, wannan karon da takalman roba. Falo cike da masu gaisuwa. Na lura an shigo da wata katifa an shimfiɗa a lungu, an ɗora bargo da carbi a kai, an ajiye buta a gefe. Yaya ya yi zuru-zuru, murya a dishe, ya yi bayani. Ya ce Baba a nan yake zaune tare da su, a wannan ɗakin, ai jami'in da kansa ya gan shi. Ya ce ruɗewar tsufa ce, an ɗan kau da ido saboda baƙi, sai ya sulale ya sauka sito don ya ga ruwansa. Ya ce ga shaida nan, da takalmi a ƙafarsa aka same shi, mai kwance a gado ai ba ya sa takalmi. Faccalata ta fashe da kuka ta ce ita ta saba kulle masa ƙofa, ranar ce kawai ta manta, ba za ta yafe wa kanta ba. Mijina yana kallon kafet yana gyaɗa kai. Masu gaisuwa suka ce ƙaddara ce. Jami'in yana rubutu da sauri, fuskarsa ta saki, don wannan labari shi ma ya yi masa daidai.

Na tashi na shiga ɗakina. Na ɗauko tiren nan na ranar Alhamis, na durƙusa na jawo kwalaben daga ƙarƙashin gado, goma sha tara, na jera su bi da bi. Duk sun kwanta. Ta farko yatsa ɗaya, ta ƙarshe laka ta wuce rabi. Suna kaɗa juna a hannuna har na isa falo, na ajiye a gaban jami'in, a kan takardarsa. Faccalata ta yunƙura, na juya kanta na ce:

"Anti, in kika taɓa ɗaya, a kanki zan fasa sauran."

Ta koma ta zauna. Mijina ya buɗe baki ya ce bari, ban bar shi ya ƙarasa ba. Na ce wa jami'in wannan ruwan gindin madatsa ne, ga kwanan wata a jiki, irinsa ne aka zubar ta wannan tagar ranar da ya zo, ina tsaye ban yi magana ba. Na ce buhunan yashin suna nan a magudana in ruwa bai kwashe su ba, sarƙa tana jikin famfo, makullin yana aljihun Yaya tare da na mota. Na ce katifar can jiya aka shigo da ita.

"Takalman kuwa ni na sa masa. Shekara uku bai taka ƙasa da ƙafarsa ba. Yana zaune ne yana jiran 'ya'yansa su zo su ɗauke shi."

Jami'in ya ɗauki kwalbar ƙarshe ya ɗaga ta a hasken taga, daidai yadda nake ɗaga wa Baba, ya daɗe yana kallo. Ashe ya yi karatun. Saukowa matakala ce kawai ba a koya masa ba.

Ban san abin da suka rubuta a ƙarshe ba, don a makon na kwashe 'ya'yana na bar musu gidan. An ce an kira Yaya ofis sau biyu. An ce yana gaya wa mutane cewa ni na haddasa rabuwar zumunci, kuma yana shirin sake gina madatsar a wurin, wadda ta fi ta da girma. Na yarda zai gina. Wani jami'in zai bugo waya kwana uku kafin ya zo, zai ci abinci a falo, zai buɗe shafi na biyu ya tambaya ko akwai mai zama a ƙasa. Yaya zai ce babu, kuma ba wanda zai iya ƙaryata shi. Shekara uku ya yi yana faɗa kafin ya mai da ita gaskiya.